Daga Bakin Rumfa: Minti 40 a Sama, Yini Guda a Ƙasa

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku na wannan mako ita ce: tsakanin Garwa da Ngaundere, a hau jirgi ko a bi mota? Masu tambayar yawanci yaranmu ne na Banyo da ke ci-rani a arewa.

Ga lissafin. A miƙe ta sama, tsakanin filin jirgin Garwa da na Ngaundere kilomita 220 ne da 'yan kai, jirgi kan cinye shi cikin minti 40 zuwa 45. Ta kwalta kuwa wajen kilomita 280 ne, domin hanya sai ta yi kwana-kwana ta hau tsaunin Mbe. Motar haya kan yi awa 4 zuwa 5.

To, kada minti 40 ɗin nan ya ruɗe ku. Tafiya daga ƙofar gida ake ƙirga ta. Sai ka isa filin jirgi awa 2 kafin tashi, a auna kaya, a duba takardu. In kun sauka ka jira jakarka, ka nemi tasi zuwa tasha. Haɗa duka, ka doshi awa 4. Ga shi jirgi ba kullum yake tashi tsakanin garuruwan nan ba. Wanda ya rasa na yau, mai mota ya riga shi da kwana guda.

Sannan babbar magana: jirgi a Ngaundere zai ajiye ka. Daga nan zuwa Banyo ta Tibati akwai kusan kilomita 400, kuma babu jirgin fasinja da ke zuwa garinmu. Da rani yini guda ne cur. Da damina kuwa, in babbar mota ta kafe a laka ta tare hanya, sai yadda Allah ya yi. Ashe jirgin guntun tafiyar ya rage maka, doguwar tana nan tana jiranka.

Shi ya sa nake ce wa yarana, in an bugo waya cewa jikin tsohuwa ya yi tsanani, kada ka tsaya cigiyar tikiti. Kama motar asuba. Jana'iza ba ta jiran jirgi, kuma gara ka iske mahaifiyarka da rai ta sa maka albarka.

Haja ma haka. Kilo 20 da ɗoriya za a bar maka a jirgi, abin da ya haura sai ka biya, ribar atamfarka ta tafi a ma'auni.

Jirgi na da ranarsa: marar lafiyar da ba zai jure jijjigar mota ba, ko mai dogon zango kamar Garwa zuwa Yawunde ko Duwala. Can ne kuɗinka ke sayo maka lokaci na gaske.

Allah ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.