Kafin Ka Sayi Busta, Fara Ɗaga Eriyarka Sama

Duk wanda ya taɓa ƙona data wajen kallon Super Eagles a waya, alhali ga talabijin a falo hoto na tsinkewa, ya san zafin abin. Da ka kai kukanka kasuwa, za a miƙo maka eriya mai busta, an rubuta 4K a kwalinta. A ganina, kada ka yi saurin zaro kuɗi.

Eriya ba ta san 4K ba. Aikinta kamo sigina, ingancin hoto kuwa daga tasha da dikoda yake fitowa. Busta kuma ba ya ƙirƙiro siginar da babu ita: abin da eriya ta kamo yake ƙara wa ƙarfi, har da hayaniyar ciki.

Idan kana nesa da tasha, nemi eriyar waje samfurin Yagi, doguwar nan mai jerin ƙarafa kamar ƙayar kifi. Gefe ɗaya take fuskanta, shi ya sa take jiyo sigina mai rauni. Dikodojin GOtv, StarTimes da FreeTV masu eriya a zangon UHF suke aiki, don haka tabbatar an rubuta UHF a jikinta.

Sai tsayi. Rufin kwano da dogayen gine-gine na tare sigina. Ɗaga eriyar ta zarce rufi, ka dubi inda ta maƙwabta ke kallo, sannan ka riƙa juya ta a hankali wani na duba dikoda. Ma'aunin Quality za ku bi, ya fi Strength muhimmanci.

Kada ka yi rowa a waya. Sayi RG6, ka taƙaita tsawonta, ka naɗe mahaɗarta kada ruwan damina ya shiga.

Wani zai ce busta ya gyara masa hoto. Gaskiya ne, yana da rana idan wayar ta yi tsawo ko za a raba sigina ga talabijin biyu. Amma a kusa da eriya ake ɗaura shi, bayan an gyara sauran.

A ƙarshe, nisanta ƙarfen eriya da wayoyin lantarki, ka zare wayarta idan ana tsawa. Babu wasan da ya kai ranka.