Mota Mai Ido Ɗaya Ba Ta Bukatar Jiran Makaniki

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa ko ta Kano zuwa Katsina bayan sallar isha'i ya san mota mai ido ɗaya. Daga nesa direba zai hangi haske guda ya ɗauka babur ne, ya ƙi ba shi hanya sosai, sai an zo daf da juna sannan ya ga ashe ƙatuwar mota ce, rabin jikinta na cikin hannunsa. Abin takaicin shi ne, sau da yawa abin da ya jawo wannan haɗari bai wuce ƙwan fitila guda da ya ƙone ba, wanda canja shi a yawancin motoci ba ya cin minti goma sha biyar.

Ma'aikacin gwamnati da ke tsara kasafin kuɗin ma'aikata sukutum, ko ɗalibin da ya ci jarrabawar kimiyya, shi ne zai yi mako biyu yana yawo da matacciyar fitila, wai yana jiran ranar Asabar ya je wajen mai wayarin. Ba rashin kuɗi ba ne, ba kuma wuyar aikin ba ce. Wani tsohon ra'ayi ne da ya kama 'yan boko, na cewa wanda ya yi karatu ba ya buɗe bonet da hannunsa. Wannan ra'ayi ya kamata a yar da shi.

Da farko mai mota ya kashe inji da fitilu, ya zare makulli, ya bar ƙwan ya huce, domin yana yin zafin da zai sale fata. A bayan gidan fitilar, ta cikin bonet, akwai soket da murfin roba. A zare soket ɗin, a cire murfin, a danna siririn ƙarfen da ke riƙe da ƙwan, sai ya fito. A wasu motocin kuwa murɗa shi kawai ake yi zuwa hagu. A gindin tsohon ƙwan an rubuta lambarsa, kuma da wannan lamba ake zuwa kasuwa. Wanda ya fi yawa a tsofaffin motoci shi ne H4, da ya fito a Turai a 1971, mai zare biyu a ciki, ɗaya na wat 60 don babban haske, ɗaya na wat 55 don dim. Akwai H7 mai zare guda, motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka kuma galibi suna amfani da 9005 da 9006 ko H11. Kowane ƙwai yana da kunnuwan da ba sa shiga sai ta fuska ɗaya. Idan ya ƙi zama, to an juya shi ne, tilasta masa ɓarna ce.

Abu guda da masu gaggawa ke mantawa: ba a taɓa gilashin sabon ƙwai da yatsa. Maiƙon hannu yana zama a kansa, wurin ya fi sauran ɗaukar zafi, ƙwan ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba. A kama shi ta gindi, ko da tsumma mai tsabta. Idan an sa sabo bai kama ba, a duba fiyus kafin a zargi mai kanti. In kuwa gidan fitilar ne gaba ɗaya ya fashe, yawanci kusoshi uku ko huɗu ke riƙe da shi, amma a motoci da dama na zamani sai an sassauta bamba kafin a kai ga na ƙasa.

To, amma fa sa ƙwai rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ko a gareji ba kasafai ake kula da shi ba, shi ne saita hasken. A tsayar da mota a fili mai daidai, mita 10 daga bango, tayoyi cike da iska, a auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alamar wannan tsawo a jikin bango da alli. Idan aka kunna dim, bakin hasken ya kamata ya sauka ƙasa da alamar. A jikin gidajen fitilu da yawa an buga adadin saukar, kamar kashi 1 cikin 100, watau santimita 10 a nisan mita 10. Akwai kusoshin saiti a baya da ake juyawa da sukudireba har a dace. Lissafin yana da muhimmanci. Fitilar da ke santimita 65 daga ƙasa, in an saita ta haka, haskenta zai kai kimanin mita 65. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cinye mita 22 a daƙiƙa guda, ke nan daƙiƙa uku kacal direba ke da su tsakanin ganin saniya a kan titi da isa gare ta. In fitilar ta sunkuya fiye da ƙima, lokacin ya ragu. In ta ɗaga kai, wanda ke tahowa ne zai makance.

A nan ne ya wajaba a ja kunnen masu neman haske ko ta halin ƙaƙa. Wasu kan sayi ƙwai mai wat 100 su sa a gurbin mai 55. Irin wannan yana jan wuta kusan ninki biyu, ya narka soket, ya gasa wayoyin da ba a yi su don wannan nauyi ba. Wasu kuma yanzu sun koma cusa farin ƙwan LED a gidan fitilar da aka ƙera don halojin. Madubin da ke ciki an lissafa shi ne bisa wurin da zaren ƙwai yake daidai, in tushen hasken ya goce, sai hasken ya watse ya shiga idon jama'a. Mai motar yana murna gabansa ya yi fari, alhali kuwa ya mai da kowane direban da ke fuskantarsa makaho na ɗan lokaci, kuma a kansa makahon zai faɗo. A lokacin hazo ma abin ya fi muni, domin ƙurar kan mayar masa da hasken cikin nasa idon.

Haka nan kuma akwai batun hannun tuƙi. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, Gana ta bi baya a 1974. Fitilar dim da aka ƙera don Ingila ko Japan tana ɗaga haskenta ta gefen hagu don a ga bakin hanya, a nan kuwa hagu shi ne hannun masu tahowa. Saboda haka motar da aka juya wa sitiyari aka bar ta da fitilunta na asali, ko wadda aka sayo wa gidan fitila na gwanjo ba a duba ba, babu saitin da zai gyara ta sai an canja gidan. Ya dace Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci su riƙa duba inda haske ke sauka, kada su tsaya ga ko fitila tana kamawa.

Akwai iyakar abin da mai mota zai taɓa. Fitilar zenon, wadda ta fara fitowa a motar BMW a 1991, tana tashi ne da wuta mai ƙarfin da ya haura bolt 20,000, wasu sababbin motoci kuma fitilarsu ta LED a like take, ba ta da ƙwan da ake zarewa. Waɗannan biyu a kai su wajen gwanin wayarin.