Annabi Yunusa da Kiristocin Damagaram

Labarin Annabi Yunusa sananne ne daga Bande har Dungas, wajen Musulmi da Kirista duka. Sai dai akan tsaya ga kifin, a mance da dalilin gudun. Bisa ga Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito da Hausa a 1932, Allah ya aike shi Nineba, birnin abokan gāban mutanensa, daura da Mosul ta ƙasar Iraƙi. Shi kuwa ya shiga jirgin ruwa a Yafa, ya nufi Tarshish. Ba tsoro ya kore shi ba. Ya san Allah mai jinƙai ne, bai so a gafarta wa Nineba. Sai da ya kwana 3 cikin kifi kana ya tafi.

Irin wannan gwaji ya sami Kiristocin Damagaram, inda mishan ta SIM ta sauka a 1924. Ran 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Zinder, kashegari a Yamai. Wanda aka ƙone wa ɗakin sujada, in zuciyarsa ta yi tauri, wa zai ga laifinsa? Duk da haka shugabannin ikilisiyoyi suka yi shelar gafara.

Waɗansu sun ce tsoron marasa rinjaye ne. Ba haka ba ne. Matsoraci yakan kwashe kayansa, ya bi ta Magariya ya ƙetare iyaka. Waɗannan kuwa suka zauna, suka sāke gini, suna cin kasuwa ɗaya da maƙwabtansu.