Wasiƙa zuwa ga masu kemis a kan metformin

'Yan'uwa masu shagunan magani,

Mai ciwon suga yakan yi watanni bai ga likita ba, ku kuwa kullum yana gaban kantarku da tsohon kwali a hannu: "A ba ni irin wannan." Galibi metformin ne, wanda wasu suka fi sani da Glucophage. Magani ne nagari. Tun 1957 likitan Faransa Jean Sterne ya fara ba masu suga shi, kuma idan shi kaɗai ake sha, da wuya ya sa suga ya faɗi warwas. Faɗar da suga warwas halin glibenclamide ne, wato Daonil.

Ciki ne ke raba mutane da metformin: zawo, kumburi, tashin zuciya, baki na ɗanɗanon ƙarfe. Dattijo ya kwana biyu yana safa da marwa tsakanin ɗaki da banɗaki, sai ya jefar da shi ya koma jiƙo. Ku gaya masa tun kafin ya miƙo kuɗi: da abinci ake sha, da 500mg ake farawa likita ya ƙara a hankali, kuma cikin yakan lafa bayan 'yan makonni.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙoda. Ta nan maganin ke fita daga jiki. Idan ta gaza, sai ya taru, jini ya yi tsami, mutum ya kama haki da kasala, har a rasa shi. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, sai dai ku dubi yadda muke: zafin bazara, amai da gudawa, jiki ya ƙafe, sannan a ɗora diclofenac saboda ciwon gwiwa, wanda shi ma ƙodar yake gallaba. Don Allah, mai amai da gudawa ya dakatar da metformin ya nufi asibiti. Wanda ƙafarsa ta kumbura kuwa, ku tambaye shi rabonsa da gwajin ƙoda. In awon ƙoda na eGFR ya gaza 30, ba a shan maganin sam.

Wanda ya shekara da shekaru a kansa, ya zo yana kukan ƙafa na masa kamar ana soka allura, kada ku ce suga ne kawai. Metformin na rage bitamin B12, ku tura shi a auna.

Wassalam.