A Ceci Faya-fayan CD na Gida Tun Suna Karantuwa

Gidaje da yawa a Birnin Kebbi da Argungu na da jakar faya-fayan CD da aka tura ƙarƙashin gado tun da wayar Android ta shigo. Matasa na ɗauka cewa komai yana YouTube da Audiomack. Waƙoƙin Sani Aliyu Ɗandawo kam za a samu. Amma kiɗan auren iyaye, ko karatun malamin unguwa da ya rasu, sau da yawa faifan nan ne kaɗai ya rage, kuma wanda aka ɗora a shago ba ya jure zafin Afrilu da ƙurar hunturu.

Aikin na mintoci ne. A saka faifan a kwamfuta, a buɗe Windows Media Player, a zaɓi MP3 mai 320kbps, ko FLAC idan akwai wuri, sannan a danna "Rip CD". Kwamfutar da ba ta da gurbin faifai sai a haɗa mata na'urar karantawa ta USB.

Inda ake ganganci shi ne suna. Duk waƙar da aka bari a matsayin "Track 01", nan da shekara biyu ba mai sanin ta wace ce.