Kimiyya A Sauƙaƙe: Asirin Sanyin Ruwan Randa

A wannan mako za mu duba abin da ke kowane tsakar gida, watau randa. Me ya sa ruwanta ya ke sanyi da bazara, alhali na bokitin roba da ke kusa da ita ya yi ɗumi?

Amsar ita ce, randa gumi ta ke yi. Jikin yumɓu cike ya ke da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan ruwa ya ke tsatsafowa waje, iska ta busa, ya zama tururi. To, ruwa ba ya rikiɗa ya zama tururi sai ya sha zafi, kuma daga jikin randa da ruwan cikinta ya ke zuƙo wannan zafi ya tafi da shi. Haka gumi ya ke sanyaya jikin ɗan Adam.

Wani masani a Jami'ar Glasgow, Joseph Black, shi ya bayyana wannan al'amari wajen 1761, ya kira shi ɓoyayyen zafi. Ba ƙaramin zafi ba ne kuwa. Abin da tafasasshen ruwa ya ke sha kafin ya ƙone ƙurmus ya ninka fiye da sau 5 abin da ya sha tun daga sanyin ƙanƙara har ya tafasa.

Bisa wannan ilmi ne wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a zuba kayan lambu a ƙaramar, sa'an nan a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A gwajinsa, yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Ga manomin da ba shi da lantarki, wannan na nufin ba sai ya karyar da kayansa a kasuwa don tsoron ruɓa ba.

Sai dai akwai sharaɗi. Dabarar ta fi ci inda iska ta ke a bushe, kamar Kano ko Sakkwato da rani. A Ikko ko Fatakwal, ko da damina, iska ta riga ta ƙoshi da laima, don haka sanyin kaɗan ne.

Saboda haka, uwargida, kada a shafa wa randa fenti ko siminti don neman ƙawa, domin an toshe mata hanyar gumi ke nan. A ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Mai tukunya biyu kuwa ya riƙa jiƙa yashin safe da yamma.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.