Furen gidan zoɓo: Shin yana da haɗari ga yara da dabbobin gida?

Yanzu da dashen furanni ya yawaita a gidajen birni, iyaye na yawan tambaya ko furen hibiskus, mai jan fure kamar ƙaho, zai cutar da yaron da ya tauna shi. Hankalinka ya kwanta. Ɗan'uwan yakuwa ne da rama da kuɓewa, kuma ba ya cikin tsirrai masu guba. Idan yaro ko kyanwa ko kare ya ci da yawa, abin da aka fi gani shi ne amai ko gudawa mai sauƙi da ke wucewa.

Abin da ya fi damun mu likitoci shi ne abin da ke jikin shukar. Masu lambu kan fesa mata maganin ƙwari, wasu ma fiya-fiya suke tsarmawa. Yaron da ya tauna irin wannan ganye zai iya fara dalalar da yawu, gumi, amai da wahalar numfashi. Wannan na gaggawa ne.

Sai kuma ruɗani. Oliyanda, mai dogayen ganye sirara da ake dasawa a bakin titi da makarantu, na da gubar da ke rikita bugun zuciya, ga mutum da akuya baki ɗaya. Zaƙami kuwa ka san sunansa na biyu: haukata-yaro. Kada ka ɗauka duk fure mai kyau ɗaya ne. Ka tambayi sunan shuka kafin ka saya.

Haka batun yake ga zoɓon sha. A watan Maris na 2021, ɗaruruwan mutane sun kwanta a asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan-tsami. Abin da aka zuba ne ya yi ɓarnar. Don haka zoɓon gida, da tafasasshen ruwa da sukari kaɗan, ya fi na ƙullin leda da ba ka san mai haɗa shi ba. Kuma kada ka ba yaro magani da zoɓo, ruwa ya isa.

Idan yaro ya ci shukar da ba ka gane ba, cire abin da ya rage a bakinsa, ka wanke. Kada ka sa shi amai, kada ka ɗura masa manja ko madara. Tsinki reshen da furen, ka tafi da su asibiti tare da shi.